Disko a Tsakiyar Makabarta: Sharhi Kan Kundin Imaginary Sonicscape

A shekarar 2001 wasu makaɗa uku daga birnin Tokyo, masu kiran ƙungiyarsu Sigh, suka fitar da kundi mai waƙoƙi goma a ƙarƙashin kamfanin Century Media na ƙasar Jamus. Sunan kundin Imaginary Sonicscape, tsawonsa ya ɗan haura awa guda. A shagon faifai, wurin zamansa shi ne layin tsattsauran kiɗan metal, wato kiɗan da ake murɗe sautin jitar lantarki har ya yi kaushi, mawaƙi kuma ya bar rera waƙa ya koma kururuwa da ƙasan maƙogwaro. Sai dai wanda ya saya da wannan zaton, kafin ya kai rabin kundin zai ci karo da rege, da disko har da tafinsa, da jaz, da fiyano irin na manyan zaurukan kiɗan Turai, da rok ɗin shekarun 1970. Wannan ne ya raba kan masu saurare tun farko. Wasu sun ce haɗin gambiza ne, an kwaso duk abin da hannu ya kai gare shi an zuba. A nawa ganin, gaurayen da ke cikin kundin nan tsari ne da aka yi da niyya, kowane baƙon sauti yana da aikin da aka kawo shi ya yi, kuma wannan gaurayen da ya zama ƙarfinsa shi ne ya hana shi samun matsayin da ya cancanta.

Ba za a gane girman kasadar da Sigh suka yi ba sai an san gidan da suka fito. Reshen da suka taso a ciki ya samo sunansa daga kundin Black Metal da ƙungiyar Venom ta Newcastle a Ingila ta fitar a 1982. A farkon shekarun 1990 samarin Norway suka ɗauki wannan salo suka tsaurara shi, suka kafa masa dokoki waɗanda ba a rubuce suke ba amma kowa ya san su. Sauti ya zama mai sanyi, mai kaushi, kamar an naɗe shi a ɗakin ajiya, ganga ta riƙa gudu ba numfashi, duk wani abu mai kama da nishaɗi ko rawa kuma haramun ne. Kundin Transilvanian Hunger na Darkthrone, na 1994, shi ne misalin da aka fi kawowa, domin daga farkonsa zuwa ƙarshensa kusan launi ɗaya ne. Jagoran wannan da'ira shi ne Øystein Aarseth, wanda aka fi sani da Euronymous, mai jitar ƙungiyar Mayhem, mai shagon faifai a Oslo da ƙaramin kamfani mai suna Deathlike Silence. Shi da kansa ya ɗauki Sigh, kuma kundinsu na farko, Scorn Defeat, a kamfaninsa ya fito a 1993, bayan wani mai suna Varg Vikernes ya kashe Euronymous a watan Agusta na wannan shekarar. Saboda haka Sigh ba 'yan ci-rani ba ne a wannan kiɗa. Sun shigo ta babbar ƙofa, da sa hannun mutumin da ya fi kowa tsaurin ra'ayi kan wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Lokacin da suka sa disko a waƙarsu bayan shekara takwas, sun san sarai dokar da suke karyawa.

Abin da ya hana kundin wargajewa abu biyu ne da ba sa canjawa ko da komai ya canja. Na farko muryar Mirai Kawashima, jagoran ƙungiyar, wadda ta kasance busasshiya, mai kaushi, irin ta tsohon salon Venom da takwarorinsu. Na biyu jitar Shinichi Ishikawa. Wanda ya kasa kunne zai lura cewa Ishikawa ba ya bin hanyar 'yan Norway ta kaɗa tsirkiya da sauri har sautin ya zama hazo. Karinsa gajere ne, mai sauƙin riƙewa, irin na tsohon metal da rok mai nauyi, wanda mutum zai iya bi da baki bayan ji ɗaya. Satoshi Fujinami a kan ganguna shi ma tafiyar matsakaici yake yi mafi yawan lokaci. Wannan zaɓi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da sun gina waƙoƙin a kan gudun ganga mara tsayawa, da duk wani sashe na rege ko jaz ya zama birki, ya katse tafiyar. Da yake ginin na rok ne mai matsakaicin taki, sai ya zama akwai fili, baƙon salo na iya shigowa ya zauna a kan takin da ake kai ba tare da an rushe komai ba. Waƙar farko, Corpsecry – Angelfall, ta nuna haka tun daga bakin ƙofa. Tana farawa da karin jita mai kuzari wanda kowane mai son tsohon metal zai karɓa, na'urorin madanni suna ta shawagi a kansa, sannan can wajen ƙarshe sai a ajiye jita gaba ɗaya, a bar sautin goge irin na kiɗan fim ya rufe ta. Mai saurare ya riga ya sami gargaɗi cewa a nan waƙa na iya farawa a wani gari ta ƙare a wani.

Waƙa ta biyu, Scarlet Dream, tafiyarta a hankali ce, mai nauyi, ana jin murya ta ratsa na'urar nan da ke mayar da muryar mutum kamar ta mutum-mutumi, sannan a tsakiya takin ya karkata ya koma rege. Abin lura shi ne yanayin waƙar bai sauya ba. Regen da suka kawo ba na bakin teku da hutu ba ne, irin mai amsa-kuwwa ne, mai faɗi da duhu, wanda tun asalinsa a ɗakunan naɗar sauti na Jamaika yana da wani abu na mafarki a tattare da shi. Sun zaɓi ɓangaren rege da ya riga ya yi kusa da abin da suke nema. A Sunset Song kuwa ita ce wadda aka fi jayayya a kanta, kuma ita ce ta fi bayyana dabarar kundin. Tana buɗewa da kari mai fara'a, irin wanda za a iya sa wa a rediyo da rana tsaka, amma kalmomin da Kawashima ke furzarwa a kansa na kisa ne da azaba. Ana cikin haka sai disko ya faɗo, cikakke, da takinsa na rawa. Mai saurare na iya yin murmushi a karon farko, wannan ba laifi ba ne. A karo na biyu da na uku ne abin ke sauya kama, domin kunne ya riga ya san abin da muryar ke faɗa, kuma fara'ar kiɗan ta daina zama fara'a, ta zama irin murnar wanda hankalinsa ya gushe. Kiɗan baƙin ciki a kan kalmomin mutuwa abu ne da kowa ya saba da shi, ba ya tayar wa kowa da hankali. Kiɗan rawa a kan waɗannan kalmomin shi ke sa tsigar jiki ta tashi.

Wannan dabara ba Sigh suka ƙirƙiro ta ba, kuma sanin inda ta fito yana warware rabin gardamar. Daga finafinan ban tsoro take, musamman na Italiya, waɗanda Kawashima bai taɓa ɓoye ƙaunarsa gare su ba. Ƙungiyar Goblin, wadda ta yi wa darakta Dario Argento kiɗan Profondo Rosso a 1975 da Suspiria a 1977, ta saba haɗa rok da kari irin na waƙar renon jariri, ta ɗora su a kan hoton kisa. Riz Ortolani ya rubuta wa Cannibal Holocaust na 1980, ɗaya daga finafinan da suka fi muni a tarihin silima, kari mai taushi da daɗi, kuma taushin ne ya ƙara wa fim ɗin muni. Sigh sun riga sun bayyana cewa a wannan turba suke tun kundinsu na 1997, Hail Horror Hail, wanda suka gabatar a matsayin fim mara hoto, inda sauti ke tsallakawa daga fage zuwa fage yadda kyamara ke yi. Idan aka saurari kundin 2001 da wannan fahimta, tambayar ko disko ya dace da metal ta zama ba ta da wurin zama. Ba wanda ke tuhumar daraktan fim don ya yanke daga makabarta zuwa gidan rawa, abin da ake tambaya shi ne ko yankan ya yi aiki. Rufewar kundin ita ce hujja mafi ƙarfi. Requiem – Nostalgia waƙa ce mai girma da alhini, da murya mai tsabta irin ta opera da busa mai taushi, kamar ana rakiyar gawa. Da ta ƙare sai a ji fiyano na kaɗa sanannen ɗan gajeren kiɗan rawar nan na Frédéric Chopin da ake kira Minute Waltz, a kansa kuma muryoyin jarirai birjik suna ta ƙyalƙyala dariya. Babu jita, babu kururuwa, babu ganga, amma a duk kundin babu wurin da ya kai nan firgitarwa.

Akwai kuma wani zare da ya ɗinke waƙoƙin, wanda ba a cika magana a kansa ba, wato irin kayan kiɗan da Kawashima ya zaɓa. A lokacin da yawancin ƙungiyoyin metal ke amfani da sababbin na'urori masu kwaikwayon ƙungiyar goge ta mutum sittin, shi ya koma ga tsofaffin kaya, Minimoog da ogan ɗin Hammond da fiyanon lantarki na Fender Rhodes. Waɗannan su ne kayan da aka yi jaz da fank da disko da rok ɗin shekarun 1970 da su. Saboda haka salon da ake ganin sun yi nisa da juna a takarda, a kunne 'yan ɗaki ɗaya ne, domin da murya ɗaya suke magana. Ogan ɗin da ke ruri a Ecstatic Transformation, waƙar da ta fi kowace kama da rok ɗin wancan zamani, shi ne dai ke rarrafe a Nietzschean Conspiracy, inda aka kusan ajiye metal gaba ɗaya aka koma wani jaz mai hayaƙi a kan takin na'ura. Kawashima ya koyi fiyanon gargajiyar Turai tun yana yaro, kuma ɗan gajeren kiɗan da ya sa a tsakiyar kundin, Impromptu, fiyano ne zalla. Wannan ya bambanta shi da mai aron abin da bai iya ba. Slaughtergarden Suite, wadda ta haura minti 10 kuma aka gina ta sassa-sassa, ita ce inda duk waɗannan kaya suka haɗu, daga kaushi da ruɗani zuwa doguwar hira tsakanin madannai irin ta 'yan jaz.

Masu tsattsauran ra'ayi suna da ƙorafi, kuma ya kamata a saurare su da kyau. Suna cewa ƙarfin wannan kiɗa yana cikin ƙuntatarsa, cewa maimaita abu ɗaya cikin sanyi da duhu shi ke jefa mai saurare cikin wani hali da ba a samu a wani wuri, kuma da zarar an buɗe taga an shigo da disko, wannan halin ya tafi. Gaskiya ne cewa Imaginary Sonicscape ba ya ba da abin da Transilvanian Hunger ke bayarwa, kuma wanda wannan yake nema ya nufi wani wurin. Inda ƙorafin ya yi rauni shi ne da'awar cewa tsarkin salo shi ne asali, gauraye kuma bidi'a. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Celtic Frost ta Suwizalan, ɗaya daga iyayen wannan kiɗa da babu mai musun matsayinsu, ta fitar da Into the Pandemonium a 1987, kuma a cikinsa akwai muryar mace irin ta opera, akwai goge, akwai waƙar da aka gina a kan gangar na'ura, har ma da waƙar pop ta wata ƙungiyar Amurka, Mexican Radio, wadda da ita aka buɗe kundin. A wannan shekarar dai Mayhem ta fitar da Deathcrush, kuma kiɗan da ya buɗe shi na Conrad Schnitzler ne, Bajamushe mai kiɗan lantarki wanda ya taɓa zama a ƙungiyar Tangerine Dream, Euronymous ne ya nema a wurinsa. Ashe mutumin da ake jingina tsarkin salo gare shi yana da faɗin kunne fiye da mabiyansa. 'Yan Norway ɗin kansu ba su daɗe a cikin ƙuntatar ba. Arcturus ta fitar da La Masquerade Infernale a 1997, Dødheimsgard ta fitar da 666 International a 1999, Ulver kuwa zuwa 2000 ta bar metal ɗungurungum ta koma kiɗan lantarki a Perdition City.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, domin daga masu son gwaji yake fitowa. Suna cewa tsallake daga salo zuwa salo abu ne mai arha, John Zorn da ƙungiyarsa Naked City sun yi shi tun 1990, Mr. Bungle ta Amurka ta gina sunanta a kansa, kuma sau da yawa burgewa ce kawai, makaɗi na nuna cewa ya iya komai. Amsata ita ce a duba tsawon zaman da kowane salo ke yi. A wurin Zorn, yankan shi ne abin kallo, salo na iya wucewa cikin daƙiƙa kaɗan, ana so mai saurare ya ji girgizar sauyin. Sigh suna barin baƙon salo ya zauna har ya kafa yanayinsa, sannan su dawo da shi cikin waƙa mai amshi da kari wanda ake iya tunawa. Bring Back the Dead, idan aka cire mata ado, waƙar metal ce ta gargajiya mai jan kai. Wannan ne ya sa kundin ke jure maimaici, alhali kundin da ya dogara da mamaki kaɗai yana mutuwa ranar da mamakin ya ƙare. Duk da haka ƙorafin bai faɗi banza ba. Nietzschean Conspiracy ta fi kama da gwajin da aka ajiye a gefe fiye da gaɓar jikin kundin, kuma zuwanta a matsayi na uku yana sanyaya tafiyar da waƙoƙi biyun farko suka ɗauko. Sautin ganguna ma bai da kauri, wani lokacin madannai na danne jita. Waɗannan aibobi ne na gaske. Amma aibobin aiwatarwa ne, ba su taɓa tushen dabarar ba.

To me ya sa kundin bai yi tashen da ya kamata ba? Wani zai ce ai masu sharhi sun yabe shi, kuma duk wanda ya san Sigh yana sa shi a sahun gaba na ayyukansu, don haka batun rashin daraja bai taso ba. Yabon 'yan tsiraru daban, shiga cikin jerin da ake koya wa sabon shiga daban. Idan aka tambayi masu son wannan kiɗa manyan kundayen 2001, za a ji Blackwater Park na Opeth, da Prometheus na Emperor, da Puritanical Euphoric Misanthropia na Dimmu Borgir, a kasuwar gama-gari kuma Toxicity na System of a Down da Iowa na Slipknot. Kowanne daga waɗannan ana iya bayyana shi a jimla ɗaya. Opeth ta haɗa kaushi da taushi, Dimmu Borgir ta haɗa metal da ƙungiyar goge. Gauraye ne su ma, amma na abu biyu, kuma abu biyun duk masu girman kai ne, babu wanda zai kunyata saurayin da ke sanye da baƙar riga. Sigh sun taɓo abin da wannan al'umma ta fi ƙyama, wato kiɗan rawa da fara'a, kuma babu jimla ɗaya da ɗan talla zai rubuta a bayan faifan. Ga kuma nisa. Ƙungiyar da ke zaune a Japan ba ta iya zagaye bukukuwan kiɗan Turai duk bazara yadda 'yan Suwidin da Norway ke yi, kuma a wannan fage ta hanyar dandali ake tara mabiya. Dangantakarsu da kamfanin ma ba ta yi tsawo ba. Kundin da ya biyo baya, Gallows Gallery, wanda Kawashima ya ajiye kururuwa a cikinsa ya koma rera waƙa, Century Media ba ta fitar da shi ba, sai a 2005 ya fito ta wani kamfanin. Kundin da kamfaninsa ya rabu da masu shi ba ya samun mai ci gaba da tura shi, sai da The End Records ta Amurka ta sake fitar da shi daga baya.

Akwai tambayar da mai karatu mai hankali zai yi, kuma kauce mata rashin gaskiya ne. Kalmomin kundin cike suke da mutuwa, da kisa, da mafarkin tsoro, kuma da'irar da Sigh suka fito tana da tarihin ƙona coci-coci da zubar da jini. Har a cikin kundin akwai sawun wannan tarihi, domin kalmomin Nietzschean Conspiracy Bård Eithun ne ya rubuta su, tsohon mai gangar Emperor, wanda a lokacin yana kurkuku saboda kashe wani mutum a Lillehammer a 1992. Ba na ganin gwanintar kiɗa tana wanke wannan, kuma wanda ya ce ba zai saurara ba saboda addininsa ko lamirinsa yana da hujjarsa cikakkiya. Abin da za a iya faɗa da adalci shi ne Sigh ba su da hannu a laifukan Norway, kuma tsoron da ke cikin kiɗansu na mai ba da labari ne, irin na fim, ba kiran mutane zuwa ga aikata wani abu ba. Gaurayen salon ma yana da hannu a nan. Kiɗan da ke da launi ɗaya, mai ɗaukar kansa da tsananin muhimmanci, shi ya fi saurin zama tutar aƙida. Wanda ya sa dariyar jarirai da disko a cikin kundinsa ya riga ya nuna cewa fage ya gina, kuma yana so a san fage ne.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa 2001 ba tsautsayi ba ne. Hangman's Hymn na 2007 ya koma gudu da kaushi, amma an gina shi da sigar kiɗan jana'izar cocin Turai. A wannan shekarar Dr. Mikannibal ta shigo ƙungiyar da sakisofon da muryarta. In Somniphobia na 2012 ya koma kan mafarkin tsoro da gauraye mai yawa, shi ne ma ya fi kusa da kundin da muke magana a kai. Daga Heir to Despair na 2018 zuwa Shiki na 2022 sai Kawashima ya juya ga harshen Japananci da kayan kiɗan gargajiyar ƙasarsa, a Shiki kuma abin da yake waƙa a kai shi ne tsufa da tsoron mutuwarsa shi kansa, yana mutum mai shekara hamsin da 'yan kai. Kayan da ake gaurayawa sun sauya daga Hammond da disko zuwa sarewar gora da molon Japan, muryar da ke tsakiya da gajeren karin jita kuwa suna nan inda suke.